Yadda ake duba tsohuwar motar iyali kafin a ƙirga kuɗi, a Yamai ko a Tawa

Na daɗe ina raka ƴan uwa da abokan arziki sayen mota, yawanci irin wadda magidanci ke nema don kai yara lakwal, kai uwargida asibiti, da zuwa gida ranar salla: Toyota Corolla, Avensis, Carina E, ko Peugeot 406, salon ko birek mai dogon baya. Irin waɗannan motoci duk sun kwana biyu a duniya, ba wadda za ka samu ba aibi. Aikinka shi ne ka rarrabe aibin da jika ashirin ke gyarawa da wanda zai cinye rabin kuɗin motar. A ƙasar nan abu uku ke kashe mai sayen mota: takarda, ƙashin mota, da zafi. Sauran duk sha'anin ciniki ne.

Abin da za ka riƙa

Tocila mai haske sosai. Mayen ƙarfe, ko na tsohuwar rediyo ne, ka naɗe shi da ƙyalle don kada ya karce fenti. Farin tsumma. Kwali ko tsohuwar tabarma ta kwanciya ƙarƙashin mota. Biro da takarda, da wayarka don ɗaukar hoto. In da hali, na'urar awon wutar batir da ƴar na'urar nan ta OBD da ake sokawa ƙarƙashin sitiyari tana karanta laifin inji. In ba ka da su, masu gyaran wutar mota da yawa suna da su. Ka ware kuɗin lita biyar na esansi, domin galibi za ka tarar da tanki a bushe, kuma tankin da ke bushe shi ne hujjar da za a ba ka ta hana ka yin nisa.

Sai makanike. Naka, ba wanda dillali ya kawo ba. Ku yi magana tun a gida: za ka biya shi ladan dubawa ko an saya ko ba a saya ba. Wanda abincinsa ya rataya kan a yi ciniki, ko mutumin kirki ne, idonsa yakan yi sanyi. In kana Tawa motar tana Yamai, gara ka biya masa kuɗin bas ku tafi tare da ka saya ta hoton WhatsApp. Ba a cinikin biri a sama.

1. Yanke irin motar tun kana gida

Kafin ka taka wurin masu sayar da motoci, zaga wurin masu kayan gyara na garinku ka tambayi abu huɗu: radiyatar, amortisar, ambirayaj (wanda ƴan Najeriya ke ce wa kuloci) da famfon mai na motar da kake so. In kowa ya ce sai an aiko daga Yamai ko Kano, to ka san irin zaman da za ka yi ranar da ta lalace. Shi ya sa nake karkata ga Toyota mai esansi. Masu gazuwal na zamani, D-4D na Toyota ko HDi na Peugeot, ba su shan mai da yawa, amma ba su jure gurɓataccen mai, kuma gyaran allurar mansu yana da tsada. Ga mai iyali da zai riƙa shan mai duk inda ya samu a hanya, ban cika ba da shawararsu ba.

Ka kuma san bambancin ƴar Kwatano, wadda ta sauka daga jirgin ruwa ba ta taɓa aiki a nan ba, da ta hannu wadda ta sha hanyoyinmu. Sunan dai ya bi su, ko da yake tun da aka rufe iyakar Gaya da Benin a 2023 hanyar Lome ta ƙara ƙarfi. Ta farko ciwonta tsatsa da kilomita na ƙarya, ta biyu ciwonta zafi da gyaran gangan. Birek kuma ka ƙara mata ido, don ita ake yi wa lodin buhuna da fasinja.

2. Ka je da sassafe, inji da sanyi

Ka gaya wa mai motar kada a tayar kafin ka zo. Da isarka, bayan gaisuwa, ka ɗaga kapo ka ɗora hannu kan inji. In da ɗumi, ka ce masa: "Alhaji, yi haƙuri, gobe da safe na dawo." Inji mai ɗumi yana ɓoye wahalar tashi, hayaƙi da ƙwanƙwasa. Kada ka duba mota da dare, kuma kada ka duba ta a jiƙe daga wanki. Ruwa yana sa tsohon fenti ya yi ƙyalli.

3. Takardu kafin ƙarfe

Nan mutane suka fi gaggawa, nan kuma asara ta fi muni, domin inji ana sake shi, amma motar da duwan ta kama ko ta sata ba makaniken da ke gyara ta.

Karɓi kart giriz, wato takardar rajistar motar, ka riƙe a hannu. Lambar shasi haruffa da lambobi 17 ce, kuma babu harafin I, O ko Q a cikinta. Nemo ta a jikin motar: ƙasan gilashin gaba ta waje, jikin ginshiƙin ƙofa, da inda aka buga ta a ƙarfe, ko dai a bangon da ke bayan inji ko a daɓen da ke ƙarƙashin kujerar gaba ta dama, gwargwadon irin motar. Karanta ɗaya bayan ɗaya, kai kana faɗa makanike yana bin takarda da yatsa. Shafa wurin da aka buga lambar. In ka ji alamar walda a kewaye, ko an goge da injin gurza, ko fentin wurin ya fi na maƙwabtansa sabunta, ka mayar da takarda ka yi sallama. Kada ka tsaya jin bayani.

Sunan da ke kart giriz ya dace da katin ɗan ƙasa na mai sayarwa. Sau da yawa za ka ji "ai ta yayana ce" ko "na saya ban sake suna ba". Yana iya zama gaskiya, amma sai ka ga takardar sayen da ta haɗa shi da mai sunan, ko mai sunan ya zo da kansa. In motar gado ce, ka tabbata magada sun yarda, a rubuce. Ka tambaya ko an jinginar da ita a banki.

Sannan takardar duwan. Mota tana iya shigowa da sunan wucewa zuwa wata ƙasa ta maƙale a nan ba a biya mata haraji ba. Motocin ƙungiyoyi da ofisoshin jakadanci da suka shigo bisa sassauci su ma sai an biya kafin su zama na mutum. Mutanen Tawa da Ƙonni kuma sun san motoci masu lambar Najeriya da ke shigowa ta Illela da araha. Arahar nan kuɗin duwan ne da ba a biya ba, kai za ka biya. In kana shakkar wata takarda, ka kai ta ofishin duwan ko na rajistar motoci a duba maka kafin ka ba da ko dala. Asurans, binyet da bizit teknik ƙananan abubuwa ne, amma ka dubi ranar ƙarewarsu don su shiga lissafi.

4. Jiki da ƙashi

Tsaya daga kusurwar gaba ka durƙusa, ka kalli gefen motar a tsaye har baya. Fentin kamfani shimfiɗe yake, na gyara yana da ƴan tudu da kwari. Bi da mayen ƙarfe kan ƙofofi, kumatun taya da rufi. Inda ya ƙi kamawa, mastik ne aka cika. Ɗan mastik a ƙofa ba abin tashin hankali ba ne, a Yamai da wuya ka ga motar da babur bai taɓa goga ba. Abin tsoro shi ne mastik a rufi ko a ginshiƙan da ke riƙe da rufi: wannan mota ta taɓa wuntsilawa.

Dubi tazarar da ke tsakanin kapo da kumatu, dama da hagu, su zama daidai. Buɗe kowace ƙofa ka rufe; wadda sai an ɗaga ko an buga da ƙarfi tana ba da labari. Sai ka haska ƙarafa biyu masu kauri da suka taso daga gaba suka bi gefen inji. Su ne ƙashin mota. In ka ga lanƙwasa, walda ko alamar guduma, an yi karo mai ƙarfi an miƙe. Irin wannan ba ta daina cin taya, kuma ranar da aka sake karo ba za ta kare waɗanda ke ciki kamar da ba. Motar da za ta ɗauki ƴaƴanka ce, ni a nan ba na ciniki. Ka ɗaga shimfiɗar but ka ciro tayar safaya ka dubi ramin, nan karon baya yake ɓuya.

5. Kwanta ƙarƙashi

In akwai gareji mai rami kusa, ku kai ta. In babu, a hau da tayoyin gefe ɗaya kan dakali ko tudu, a ja birkin hannu, a sa dutse. Kada ka shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita.

A Turai ana zuba gishiri kan hanya lokacin ƙanƙara, gishirin nan yana cin ƙarfe daga ƙasa. Jan tsatsa na sama-sama ba komai. Wanda ke ɓarewa kamar ɓawon itace, ko sukudireba ta huda shi, musamman inda ƙafafun baya suka kama jiki, wannan ruɓa ce. Baƙin fenti mai kauri sabo fil a ƙarƙashin tsohuwar mota shi ma abin tambaya ne. Dubi kaskon mai ko dutse ya lotsa shi, dubi robobin kardan, wato sandunan da ke juya tayoyin gaba, ko sun yage suna fesa giris, dubi amortisar ko suna jiƙe da mai. Ka bi bututun salansa da ido: in an yanke tukunyar tace hayaƙi an yi walda, a rage maka kuɗi.

Ga motar hannu a Yamai akwai ƙarin abu. Ambaliyar 2020 da ta 2024 sun shiga gidaje da yawa, kuma motoci sun kwana cikin ruwa. Ɗaga kafet ƙarƙashin kujeru ka shinshina, ka nemi busasshen laka a lungu da tsatsa a kan dogon ƙarfen da kujera ke gudu. Ja bel ɗin kujera har ƙarshe ka ga ko akwai zanen ruwa. Motar da ta sha ruwa wutarta ba ta sake zama lafiya, yau gilashi, gobe tablo.

6. Inji a kashe

Injin da aka wanke tas ya fi ba ni tsoro a kan mai ƙura, don ƙura ce ke nuna inda mai ke tsatsafowa. Zaro sandar awon mai ka goga a farin tsumma. Baƙi ba laifi ba ne. Mai kauri kamar madi yana nufin an zuba mai nauyi don a rufe bakin injin da ya gaji. Mai launin shayi da madara, a sandar ko a cikin murfin zuba mai, ruwa ne ya haɗu da mai, galibi alamar juwan kulas, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan inji (kulas) da gangar jikinsa, ya ƙone. Buɗe murfin radiyatar, tunda inji da sanyi: ruwan ya zama mai launi, kore ko ja, ba jan laka na tsatsa ba, kuma kada mai ya yi iyo a kai.

Tambayi makanike ko abin da ke juya bawul a cikin injin bel ne ko sarƙa. Carina E da Avensis na farko masu injin 4A-FE ko 7A-FE bel ne, haka Peugeot 406, kuma a 406 in bel ya tsinke yana lanƙwasa bawul. In ba shaidar ranar da aka sake shi, ka ɗauka ba a sake ba. Masu rubutun VVT-i sarƙa ce, sai dai na shekarun 2000 zuwa 2005, musamman 1ZZ-FE mai lita 1.8, an san wasunsu da shan baƙin mai. Batir a kashe ya nuna kusan volt 12.6, in inji na aiki tsakanin 13.8 da 14.5.

7. Murɗa makulli

Murɗa rabi, kada ka tayar. Fitilun tablo duka su kama: na mai, na batir, na inji, na ABS, na jakar iska. Ka tayar, su mutu cikin ƴan daƙiƙu. Wadda ba ta kama ba tun farko, cire ƙwanta aka yi ko aka liƙe. Nan na'urar OBD ke amfani. Motocin Turai masu esansi daga 2001 suna da wurin soka ta.

Sa makanike ya tayar kai kana tsaye a baya. Shuɗin hayaƙi baƙin mai ne ke ƙonewa. Fari mai kauri da bai daina ba bayan inji ya yi ɗumi ruwa ne. Baƙi esansi ne ya yi yawa, sau da yawa gyaransa da sauƙi. Koma gaba ka saurara: ƴar ƙaramar ƙara ta sama da ke ɓacewa ba komai, amma ƙwanƙwasa mai nauyi daga ƙasa wadda ke ƙaruwa in an taka totur, injin ya kusa sauka.

8. Gwajin zafi

Wannan shi ne matakin da na fi daɗewa a kai, kuma dalili gare ni. Shekarun baya na raka wani ƙanena malamin makaranta ya sayi birek a Yamai. Mun zaga cikin gari minti goma, komai lafiya. Washegari ya kama hanyar Tawa da iyalinsa cikin watan Afrilu, bai kai Dogon Dutsi ba allura ta haye ja, suka wuni a gindin itace da jariri. Kuɗin kulas da radiyatar ya ci albashinsa na watanni. Tun ranar ban sake yarda da zagayen minti goma ba. Daga Yamai zuwa Tawa ya haura kilomita 500, kuma a Afrilu da Mayu zafi yana wuce digiri 40. Motar da ke da ƙaramin rauni a wajen sanyaya inji za ta ɓoye shi a gari, ta tona shi a daji.

Ga yadda nake yi. Tun inji da sanyi, a bar murfin radiyatar a buɗe a tayar. In kumfa na tasowa ba ƙaƙƙautawa kamar ana hura ruwa da tsinke, iskar inji ce ke shiga ruwa, juwan kulas ya tafi. In lafiya, a rufe. Daga nan kada kowa ya sake taɓa murfin sai inji ya huce, ruwan yana ƙona fuska.

A bar ta tana aiki a tsaye, a kunna kilim har ƙarshe, minti ashirin. Allurar zafi ta hau tsakiya ta tsaya cak. Ka kashe kilim ka jira ka ga fanka ta kama da kanta ta kuma mutu da kanta. In fanka na juyawa tun daga murɗa makulli ba ta tsayawa, an haɗa ta kai tsaye. Masu gyara da yawa suna yin haka, suna kuma cire kalorista, abin da ke buɗe wa ruwa hanya in inji ya yi zafi, da cewa ƙasarmu da zafi. Wani lokaci al'ada ce kawai, wani lokaci kuma rufa-rufa ce kan motar da ta saba tafasa. Ka tambayi mai ita kai tsaye: "Malam, don Allah ta taɓa zafi?" Ka dubi kan inji ko akwai sabon gam a bakin kulas da kusoshin da suka sha sufana. In an taɓa buɗewa, ba lalle ka fasa ba, amma a gaya maka wa ya yi aikin.

9. Tuƙi na gaske

Aƙalla rabin awa, kai ke tuƙi, rediyo a kashe, mutum uku ko huɗu a ciki don ta ji nauyin iyali. Ka haɗa kwalta mai santsi inda za ka kai 90 ko 100, da hanyar jar ƙasa mai gargada, da ɗan yashi na cikin unguwa. A Yamai ba ka rasa ukun a kusa da juna.

A kan miƙaƙƙiyar hanya sassauta riƙon sitiyari, kada ta ja gefe. Taka birki da ƙarfi inda ba kowa a bayanka: kada ta karkace, kada feda ta yi rawa ko ta nutse a hankali. Gurnani mai ƙaruwa da gudu rulma ce, wato boris ɗin taya. A gargada za ka ji rotil, wato gaɓoɓin ƙafar mota, da robobin ƙafa suna ƙwal-ƙwal. A fili, murɗe sitiyari har ƙarshe ka zaga a hankali dama da hagu; ƙas-ƙas-ƙas kardan ne.

In mai giyar hannu ce, tsaya, ja birkin hannu, sa giya ta uku, saki ambirayaj sannu. Inji ya mutu. In ya ci gaba da aiki, faifan ya cinye. In otomatik ce, daga P zuwa D da R ta shiga ba dogon jira ba duka, kuma a hanya ta sake giya ba tare da inji ya yi ihu a banza ba. Man akwatin giyarta ja ne; in ya yi baƙi yana warin ƙuna, bar ta, gyaran akwatin otomatik ba kowane gari ake iya shi ba. Da kun dawo, bar ta tana aiki kan wuri mai tsabta minti biyar, ka ja da baya ka dubi ƙasa.

10. Taya, kilomita da tarkace

A gefen kowace taya bayan rubutun DOT akwai lambobi huɗu: 2319 na nufin mako na 23 na 2019. Tayar da ta wuce shekara shida, ko zanenta na da kyau, kwaltar Ƙonni da tsakar rana tana iya fasa ta. Cin gefe ɗaya alamar ƙafa ce ko ƙashi.

Kilomitan tablo kuwa kada ka ba su amana, ana mayar da su baya. Dubi robar feda, sulɓin sitiyari da lotsawar kujerar direba, ka nemi ƴar takardar sake mai da gareji na Turai ke liƙawa a ƙofa ko cikin kapo. In motar Amurka ce, mil take ƙirgawa, ka ninka da 1.6. Sannan ka gwada kowane gilashi, kowace fitila, makullan ƙofofin baya saboda yara, da jak da sufanar taya.

11. Ciniki da biya

Ku koma gefe da makanike ku rubuta kowane aibi da kuɗin gyaransa. Da wannan takarda ake ciniki, ba da kushe motar mutum ba: "Alhaji, motarka ta yi mini, amma ga taya huɗu, ga bel, ga amortisar biyu. Dubi lissafin, ka rage mini." A yanke maganar la'adar dillali tun farko, nawa ne kuma wa zai biya. In aka ce maka wani na zuwa da kuɗi yanzu-yanzu, ka ce Allah ya ba mai rabo. Kada kuɗin sayen ya cinye duk abin da ke hannunka. Ni nakan ce a bar kashi ɗaya cikin biyar don gyara da takardu.

A rubuta takardar saye da lambar shasi, kuɗin, ranar da sunayen shaidu biyu, a kai meri ko kwamisariya a buga hatimi. Kuɗi da takardun asali da makullai su sake hannu a zama ɗaya, gaban shaidu. Ka fara neman kart giriz da sunanka cikin makon, kada ka bari sai mai tsohon sunan ya yi tafiya ko ya rasu.

12. Kafin tafiyar farko

Ko mai motar ya rantse jiya ya sake mai, ka sake, da matatar mai da ta iska, don ƙurar hunturu tana toshe ta da wuri. A wanke radiyatar a zuba ruwan sanyaya inji na gaskiya, ba na rijiya ba, a sake murfinta da duk tiyon da ya kumbura, a sake bel in na bel ne, a duba birki. Ka yi mako guda kana zagaya gari, kowace safiya kana duba sandar mai da ruwa kana rubuta abin da ya ragu. Sannan ka gwada ta zuwa Doso ka dawo, ko daga Tawa zuwa Ƙonni, da jarkar ruwa a but, kafin ka ɗora mata iyali.